Amanar Jelar Ragon Inna

Ba zan taɓa mantawa da cika-cikin shekarar da aka ba ni amanar jela ba. Ko na yi niyyar mantawa ma, akwai mutum ashirin da 'yan kai a Safana da suka ɗauki nauyin tuna mini kyauta. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, tun kafin matar yayana ta gama yaɗa nata, wanda duk shekara sai ya ƙara tsawo.

Ni malamin makaranta ne a Batsari, ilimin aikin gona nake koyarwa. Shekara goma sha ɗaya ina zana tunkiya a allo, ina jan kibiya daga kowace gaɓa ina rubuta sunanta. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, zai yi masa amfani nan gaba.

A gidanmu, kamar gidaje da yawa a ƙasar nan, ba a cin jelar ragon layya da Sallah. Shafe ta ake yi da gishiri, a shanya, a rataye saman murhu ta yi ta shan hayaki har wata guda, sai ranar cika-ciki a jefa ta a tukunya kowa ya taɓa. (Na san akwai malaman da ke ɗaga gira idan an ambaci cika-ciki. An taɓa kai wa Inna wannan magana, ta ce ita ba ta ce ibada take yi ba, tuwo take tuƙawa.) Sai dai marigayi Baffanmu ya ƙara wa al'adar wani abu nasa. A wurinsa ba a gida jela take zama ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yan da ke zaune nesa ake damƙa wa, shi zai kula da ita, shi zai dawo da ita ranar da za a dafa. Yaya Lawal, babbanmu, ya riƙe ta lokacin da yake aiki a Dutsin-ma. Yaya Indo da ke aure a Karare ta riƙe har sau uku. Ni kuwa, da yake ni ne auta, ba a taɓa ba ni ba. Na daɗe ina kallon wannan a matsayin raini, musamman da yake duk gidan ni kaɗai ne mai takardar shaida a kan dabbobi.

Asalinmu mutanen Runka ne. Abin da ya tashe mu daga can ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ke wannan yanki ya sani. Dabbobin da Baffa ya bari suka tafi a yini ɗaya. Tunkiya guda ce ta tsira, ita ma don Inna ta kai ta kiwo wurin ƙanwarta a Yasore tun kafin abin ya faru. Inna jikar Fulani ce ta wajen uwa, kuma tun muna yara take cewa ba a tara garke a ruga ɗaya. Ta koma Safana wurin Yaya Lawal, tunkiyar ta biyo ta daga baya, ta haifi ɗan rago. Shekara biyu ba mu yi layya da namu ba, ba mu kuma taru cika-ciki ba. A shekarun nan biyu zuwana Safana bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kullum amsata ita ce hanya ba kyau. Gaskiya ne hanya ba kyau, amma ni ina ja wa gaskiyar nan wuya har ta kai inda ba ta kai ba.

To, a shekara ta uku ragon ya isa layya. Shi ne jinin garken Baffa na ƙarshe, domin uwarsa ta mutu da bazara. Aka yanka shi, Inna ta shiga ɗaki ta ɗan jima ba ta fito ba, ba wanda ya tambaye ta dalili.

Rana ta uku da Sallah, ina ɗaure kayana a babur, ta kira ni.

"Auta, zo nan."

Na je na durƙusa. Ta miƙo mini wani ƙunshi, takardar buhun siminti a ciki, tsumma a waje, an ɗaure shi tam da igiyar rama.

"Bana kai za ka riƙe. Ta sha gishiri, ta ga rana kwana biyu, amma ba ta gama ba. Damina ce. Kullum ka kwance ta ka duba. In rana ta fito ka shanya, in hadari ya taso ka rataye ta bisa murhu. Ka ji ko?"

Wani mai hankali da godiya zai yi ya tashi. Ni gyara zama na yi.

"Inna, ai yanzu an wuce wannan wahalar. Na sayi firiza."

"Akwatin ƙanƙara?"

"Shi. Mai aiki da hasken rana ma, ba ruwansa da ɗauke wuta."

Daga nan na ɗauko darasin aji biyu na ƙaramar sakandare. Na yi mata bayanin ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, da yadda danshin damina ke raya su, da yadda sanyi ke ɗaure musu hannu da ƙafa. Na ce hayaki dabarar mutanen da ce, lokacin da ba su da zaɓi. (Wannan jimlar ta ƙarshe har yau idan ta faɗo mini sai in ji kunnuwana sun yi zafi.) Inna ta saurare ni har na kai aya, tana tsince tsakuwa a wake.

"To, Malam. Ni dai na ce ka riƙa buɗewa."

Yaya Lawal yana gefe yana sakace. Bai ɗago ba ya ce, "Ka dai buɗe."

Matarsa Talatu, wadda tun ranar da aka kawo ta gidanmu ta ɗauki tsokanata a matsayin sana'a, ta leƙo daga madafa. "Mijina na boko, in ka je ka gaishe mini da ƙwayoyin cutar. Ka ce su yi haƙuri da sanyi."

Da na ɗaga ƙunshin na ji ba shi da nauyin da na zata. Nan take na ba kaina amsa irin ta masana: ruwan jikinta ya fara fita. Amfanin ilimi ke nan, ba ya barin mutum da tambaya ko da amsar ba daidai ba ce.

Da muka koma Batsari, matata Hauwa ta soye kason namanmu ta zuba a gwangwani da mansa, yadda uwarta ta koya mata. Ni na ware cinya guda ɗanya na ce tawa ce, ta gwaji. Ta ce in kawo jelar ta rataye mini. Na ce ta bar wa masu abin abinsu. Na sa ƙunshin a can ƙasan firiza yadda aka ba ni shi, ko igiyar ban taɓa ba, na ɗora cinyar a kai, na rufe.

Mako biyu da 'yan kwanaki komai na tafiya daidai. Har malamai 'yan'uwana nake jawowa gida shan ruwan sanyi, in buɗe musu murfin su ga ƙanƙara, kamar mai nuna jariri.

Sai aka kira mu Katsina aikin duba takardun jarrabawa, na kwana shida. Hauwa ta ce tunda ba na nan, bari ta kwashi yara su tafi Karare sunan ƙanwarta. Ta riga ni fita da kwana ɗaya. Ranar tafiyata da safe na ga rigar da zan sa ta yamutse. To, wutar solarmu tana da hali irin na jakin da ya san iyakarsa: ba ta ɗaukar firiza da dutsen guga lokaci guda. Na zare firiza, na jona dutsen guga. Ina kan hannun riga na biyu direba ya fara danna oda a ƙofar gida. Na zare dutsen guga, domin ni mutum ne mai kiyaye gobara. Na kulle gida na fita da rigata sumul.

Sai rana ta huɗu na tuna. Kuma ga yadda na tuna. Ina duba takardar wata ɗaliba, tambayar tana cewa a kawo hanyoyin adana nama. Ta rubuta gishiri, shanya, hayaki, suya. Na zaftare mata maki ɗaya saboda ba ta ambaci sanyayawa ba. Ina cikin rubuta mata gyara da jan biro a gefe, hannuna ya tsaya. Malamin da ke kusa da ni ya ce lafiya, ko jiri ne? Na ce ba komai, zafi ne. A hankali na soke gyaran na mayar wa yarinya makinta.

Da na sauka Batsari, tun daga bakin lungu na san labari. Angulu biyu na zaune a kan katangata kamar masu jiran a buɗe ofis. Maƙwabcina ya taso daga kan tabarmarsa, muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Katsina, sannan ya ce, "Malam, da farko mun ce ɓera ne ya mutu. Daga baya muka ga abin ya fi ƙarfin ɓera."

Ba zan bayyana abin da na gani da na ɗaga murfin ba, wataƙila mai karatu yana cin abinci. Na naɗe hancina da ɗankwalin Hauwa, na ɗauko shebur, na kwashe komai, cinya da ƙunshi da duk abin da suka zama, na haƙa rami a bayan gida na binne. Ƙunshin Inna ya shiga ƙasa da igiyarsa a ɗaure, ɗaurin da ta yi da hannunta. Saura kwana biyar cika-ciki.

Washegari Hauwa ta dawo ta tarar da ni ina wanke firiza da toka karo na huɗu. Ta dubi firiza, ta dubi ɗankwalinta a kan igiyar shanya, ta dubi sabuwar ƙasa a bayan gida. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

"Malam, ka kira Inna ka gaya mata."

"In ce mata me? Ragon Baffa na ƙarshe ne, Hauwa. Babu wani bayansa."

"Shi ya sa za ka gaya mata."

Na ɗauki waya, amma ba Inna na kira ba. Yaya Lawal na kira, da wata dabara a raina wadda ba na alfahari da ita. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, ya labarin hanya kwanan nan? Na ji kamar ana ƙishin-ƙishin."

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Motoci na wucewa tun safe har la'asar. Ka ga tsohuwa nan, ta sa an surfa dawa, ta sa an share muku ɗaki tun shekaranjiya. Kullum sai ta tambaye ni yau nawa ga wata. Indo ma gobe za ta iso. Ya jela?"

"Tana nan," na ce. A wata fuskar ban yi ƙarya ba, tana nan bayan gida.

Na ajiye wayar na ji kunyar kaina. Ƙofar fakewa da hanya ta rufe, ba zan iya barin tsohuwa da sharen ɗaki ba. Ƙofar gaskiya kuwa a buɗe take, amma na ga ta yi mini ƙanƙanta. Sai na fasa ta uku da kaina.

Ranar kasuwa na yi sammako zuwa rumfar mahauta, wurin wani dattijo da nake sayen nama a hannunsa. Na rage murya na ce jelar rago nake nema.

Ya dube ni ta saman wuƙarsa. "Ta cika-ciki?"

"A'a, wani ɗan bincike ne na makaranta."

"To. Kai ne mai bincike na uku a makon nan. Sauran biyun kyanwa ce ta ci tasu. Kai fa?"

Na ce ya dai nuna mini abin da yake da shi. Ya jero mini jela huɗu a kan tebur. Nan ilimina ya sake tasowa. Na tuna ragon Inna jinsin Uda ne, dogo, kuma na sha gaya wa ɗalibai cewa Uda akwai doguwar jela. Na nuna wadda ta fi kowace tsawo da kauri. Mahaucin ya ce in ɗauki matsakaiciya mana, ta fi saurin bushewa. Na ce masa na san abin da nake yi.

Aikin wata guda ke nan zan yi a kwana uku, ga ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, ga itace duk ya jiƙe. Na shafe ta da gishiri har ta yi fari, na rataye ta a cikin rabin duro, na nemi abin da zai yi hayaki. Abin da na samu busasshe a gidan shi ne buhu biyu na tsofaffin takardun gwajin ɗalibai da na daɗe ina cewa zan ƙone. Haka na tsuguna kwana uku ina cusa wa wuta amsoshin 'yan aji uku, idanuna na zubar da ruwa. Jela ta yi baƙi ƙirin a waje. Cikinta kuwa Allah kaɗai ya sani. Na samo takardar siminti da tsumma da igiyar rama, na kwaikwayi ɗaurin Inna gwargwadon abin da na tuna.

Hauwa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. "Ni dai ba zan faɗa ba, ba kuma zan taya ka ba. Idan aka tambaye ni, tari zai kama ni."

Ranar cika-ciki muka shiga a-kori-kura da yara da buhun rogo na tsaraba, muka isa Safana da hantsi. Gida ya cika. Yaya Indo da 'ya'yanta, ƙanwar Inna daga Yasore, jikoki ko'ina. Rabon da in ga danginmu a tsakar gida ɗaya haka tun muna Runka. Inna na zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. Muka durƙusa aka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwa, ta tambayi maƙwabtana ɗaya bayan ɗaya.

Yadda aka saba, mai riƙon amana yakan bi Inna madafa ya miƙa mata ƙunshi, su biyu, shi ke nan. Da na yi haka, da abin da zai faru ya tsaya tsakanina da uwata da tukunya. Amma marar gaskiya ba ya iya yin shiru, gani yake shirun zai tona shi. Na ce Talatu ta kawo mini faranti. Na tsaya a tsakiyar gida na ce jama'a su matso su ga abin da zamani ya kawo. Na yi ɗan jawabi (ina jin ya kai minti biyar) a kan yadda sanyi ke riƙe nama da surarsa, ba ya ƙanƙancewa, ba ya raguwa. Baƙin da za su gani, na ce, ɗan hayaki ne na ba ta a ƙarshe don girmama al'ada. Sannan na kwance igiya na shimfiɗa jela a faranti. Ta cika shi, har ta zarce ta leƙo ta gefe.

Gida ya yi tsit. Na ɗauka mamaki ne. Yaya Indo ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Yaya Lawal ya cire hularsa ya shiga duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a can. Daga bayana na ji Hauwa ta fara tari, alhali ba wanda ya tambaye ta komai.

Inna ta ce a miƙo mata. Ta ɗora farantin a cinya, ta auna jelar da taƙin hannunta, sannu a hankali, daga gindi har ƙarshe. Ta ɗaga ta ta sansana.

"Auta, wagga ita ce na ba ka?"

"Ita ce, Inna."

"Ka riƙa buɗewa yadda na ce?"

"Kusan kullum."

"Ikon Allah." Ta juya wajen Yaya Indo. "Indo, matso ki ga aikin boko. Rabi na ba shi, ya dawo mini da guda. Ashe cikin akwatin ƙanƙara jela tsiro take yi."

Akwai wani irin shiru da ke zuwa kafin dariya, kamar wanda ke zuwa kafin ruwa ya tsuge. Talatu ce ta fasa shi.

"Inna, don Allah baɗi a ba shi ƙafa ɗaya, ya dawo mana da rago."

Gida ya kece. Yaya Lawal ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Ƙanwar Inna ta riƙe ciki tana cewa a bar ta haka nan, azumi take. Jikokin da ba su san abin da ake yi ba su ma suka kama. Ni kuwa ina tsaye da igiyar rama a hannu, ina neman inda ƙasa ta fi laushi in nutse.

Inna ta ce wa Yaya Indo ta shiga madafa ta duba bisa murhu. Ta fito da wani ƙaramin ƙunshi da hayaki ya rina. Aka kwance. Ga rabin jela, ɓangaren gindi mai kitse, ta bushe ƙamas, ta yi ja-ja kamar dabino, ƙamshinta ya tashi har inda nake.

Yaya Lawal ya share ido ya ce, "Duk wanda ya taɓa riƙe amanar nan ya san rabi ake ba shi. Ranar farko da ka kwance za ka gani. Ba a faɗa, kowa da idonsa yake ganewa. Sau nawa aka ce maka ka buɗe?"

Na je na zube gaban Inna. Na faɗi komai, daga dutsen guga har angulu, har mahauci, har takardun 'yan aji uku.

"Na ji ƙaurin takarda," in ji ta. "Na ce ko a makaranta ta kwana."

Aka sake dariya, amma ni abin da ya fi damuna kwana biyar ɗin nan ya taso. Na ce, "Inna, na binne jelar ragon Baffa." Muryata ba ta fita yadda na so ba. Dariyar ta lafa.

"Rabi ka binne," ta ce. "Ni da na ga garke ya tafi yini ɗaya, kana zaton zan sa jela guda a hannu guda? Ko Baffanku na raye haka nake yi." Ta ture farantin gefe. "Kuma naman mi ke jikin jela, Auta? Ƙashi ne da kitse. Baffanku ba don nama ya fito da wannan ba. Igiya ce yake ɗaura wa na nesa, don ya san dole ya juyo gida. Shekara biyu kana ce mini hanya ba kyau. Yau ta wace hanya ka biyo?"

A duk littattafan da na karanta babu babin da ya tanadi wannan tambaya.

"Da hannu banza ka shigo ma da na karɓe ka," ta ce. "Ƙaryar ce ban da tabarmar da zan shimfiɗa mata. Tashi ka sauke rogon nan, rana na yi."

Ban taɓa jin daɗin ɗaukar buhu kamar na ranar ba. Ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji an ɗora mini rogo a kafaɗa, kuma canjin ya yi mini.

Da aka sha ruwa bayan magariba, aka fito da tuwon dawa da miyar kuka, da wake, da ƙwaryar fura. Inna ta tsamo rabin jelar daga tukunya ta yayyanka da kanta, tana kiran suna tana miƙawa, daga Yaya Lawal (shi ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce "kai, karɓi") har jaririn da ke goye, wanda aka shafa wa romon a leɓe. Kowa ya samu kamar ƙwayar gyaɗa. Ta kai kowa, har da saura ɗaya da ta riƙe a hannu ta ɗan jima tana kallo kafin ta ci. Nawa na tauna shi a hankali, ɗanɗanon hayakin murhunmu na Runka ne sak, ko kuwa raina ne ya ce mini haka.

Ita kuwa doguwar jelata ba a yi asararta ba. Talatu ta dafa ta daban a ƙaramar tukunya, ta ba ta wuta tun azahar, ta kawo mini ita gaba ɗaya a kwano, har da durƙuso.

"Mijina, ga bincikenka. Yau cika-ciki, ba a rage abinci."

Na ci. Ɗanɗanonta tsakanin gishiri ne da tawadar biro. Duk wanda na miƙa wa sai ya ce ya ƙoshi, Allah ya ƙara ilimi.

Da Sallar da ta biyo baya ta zo, da ragon kasuwa muka yi layya. Rana ta uku ina ɗaure kaya na ji an ce, "Auta, zo nan." Na ɗauka saƙo za ta ba ni wurin wani. Ƙunshi ta miƙo mini. Ban yi jawabi ba, ban ambaci ƙwayar cuta ko ɗaya ba. Ina isa Batsari, ko takalmi ban cire ba na kwance igiya. Tsumma ne, bayansa tsumma, bayansa takarda, sannan a can tsakiya ga ɗan ƙarshen jela, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Hauwa ta leƙa ta ce, "Ta yafe maka, amma ba ta manta ba."

Na rataye shi saman murhu. Wata guda ina kwance shi safe da yamma, har Hauwa ta ce zan ƙarar da shi da kallo. Na kuma mayar da shi Safana da hannuna, bayan na je sau biyu a tsakani ba tare da wani dalili ba.

Firiza tana nan, ruwa muke sanyayawa, kuma na ɗaure wayarta da jan ƙyalle don kada hannuna ya sake kuskure. Idan na zo darasin adana nama a aji, da hayaki nake farawa. Abin da na koya kuma ba shi da yawa: idan tsohuwa ta ba ka ƙunshi ta ce ka buɗe, ka buɗe kafin ka buɗe bakinka.